Hawan Jini, Maganinsa da Tabon Farin Sashen Ƙwaƙwalwa: Bitar Shaidar Gwaje-gwajen Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin alaƙar hawan jini da canje-canjen da hoton MRI ke nunawa a farin sashen ƙwaƙwalwa, sannan ta auna abin da gwaje-gwajen magani suka tabbatar game da rage su. An duba binciken da ya bi mutane shekara da shekaru a Holan da Birtaniya da Amurka, da kuma gwaje-gwajen da aka raba majiyyata gida biyu ta ƙuri'a, daga PROGRESS zuwa SPRINT da INFINITY da aikin ƙauyukan ƙasar Sin. An gano cewa sauke hawan jini yana rage saurin yaɗuwar tabon, amma ba ya goge wanda ya riga ya zauna, kuma ribar ta fi fitowa a hoto fiye da a tafiyar majiyyaci da tunaninsa. Maƙalar na ganin ribar ta yi ƙanƙanta ne saboda an fara gwaje-gwajen a makare, an kuma rufe su da wuri, alhali ɓarnar tana somawa tun mutum yana ɗan shekara 40 da 'yan kai. An kuma auna wannan shaida da halin da masu hawan jini ke ciki a Nijeriya.

Muhimman kalmomi: hawan jini, farin sashen ƙwaƙwalwa, cutar ƙananan jijiyoyi, gigin tsufa, hoton MRI

1.0 Gabatarwa

Duk likitan da ke duba dattawa ya san irin wannan majiyyaci. 'Ya'yansa ne suka kawo shi. Ɓarin jikinsa bai shanye ba, bakinsa bai karkace ba, magana kuma tana fita. Tafiya ce ta koma guntun taku, kamar tafin ƙafa na manne da ƙasa, in zai juya sai ya taka sau huɗu ko biyar. Fitsari yakan kufce masa kafin ya kai bayi. Lissafin shago da a da yake yi da ka, yanzu sai ya yi jim, ya sake farowa. Babban ɗan yakan ce, "Likita, ai mu mun ɗauka tsufa ne." In aka tambayi dattijon, "Baba, an taɓa ce maka kana da hawan jini?" amsar kusan ɗaya ce kullum: "An faɗa mini shekarun baya. Na sha magani, ya sauka."

Idan Allah ya sa iyalin na da halin biyan kuɗin hoton MRI, abin da ake gani ba ya ba likita mamaki. A salon hoton da ruwan ƙwaƙwalwa ke fitowa baƙi, sai a ga wani fari ya yi wa kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa hula a gaba da baya, ya kuma bi gefensu kamar an shafa farar ƙasa. Can cikin nama kuma ga ɗigo-ɗigo, wasu a warwatse, wasu sun fara haɗewa. Wannan shi ne abin da maƙalar za ta riƙa kira tabon farin sashe.

Tambayoyi uku aka sa a gaba. Shin hawan jini ne ke haddasa tabon, ko tafiya kawai suke yi tare da tsufa? In aka sauke jinin da magani, tabon zai tsaya? Akwai kuma iyakar da in an wuce ta wajen saukewa, ƙwaƙwalwa za ta rasa isasshen jini?

2.0 Dabarar Gudanar da Nazari

Nazarin bita ne na ayyukan da aka riga aka wallafa. An ba da fifiko ga gwaje-gwajen da aka raba mahalarta ta ƙuri'a kuma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu a farko da ƙarshe, domin su ne kaɗai ke iya raba sanadi da abin da ya zo a kan gaɓa. Duk lambobin hawan jini da za a ambata a ma'aunin milimitar makuri suke. "Lambar sama" ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa, "lambar ƙasa" kuma lokacin da ta saki.

3.0 Farin Sashe da Yadda Hawan Jini Ke Cin Sa

Ƙwaƙwalwa sashe biyu ce ga mai kallo da ido. Na waje mai ruwan toka shi ne mazaunin ƙwayoyin tunani. Na ciki fari ne, saboda zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan suna lulluɓe da wani rufi mai kitse da ake kira mayelin. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar kimanin kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo yanzu, shi take ci yanzu.

Yadda jini ke isa farin sashe shi ne tushen matsalar. Manyan jijiyoyi suna bin saman ƙwaƙwalwa, daga nan wasu sirara dogaye suke nutsawa ciki, kowace ta yi tafiyar santimita da dama ba tare da wata 'yar'uwa ta haɗu da ita a hanya ba. Wanda ya taɓa noman rani a ƙarshen magudana ya san wannan hali: in ruwa ya ragu, gonar da ke bakin kwata ba ta ji, ta can ƙarshe ce ke fara yaushi. Farin sashen da ke kewaye da kogunan ruwa shi ne gonar ƙarshen magudana.

Hawan jini mai daɗewa yana canza bangon waɗannan jijiyoyi. Tsokar bangon tana lalacewa, wani tauri mai kama da gilashi ya maye gurbinta, ramin ya ƙuntata, jijiyar ta daina buɗewa in ƙwaƙwalwa ta nemi ƙarin jini. C. Miller Fisher, likitan ƙwaƙwalwa a Boston, shi ne ya nuna haka da idon madubi a shekarun 1960, inda ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar mamata sala-sala yana bin jijiya ɗaya har ya iske inda ta toshe da ɗan ramin da ta bari. Bayan ƙuntatawa akwai yoyo. Shingen da ke tsakanin jini da naman ƙwaƙwalwa yana sassautawa, ruwa da sinadaran jini su tsiyaya cikin nama, ƙwayoyin da ke gina mayelin su raunana. Ga kuma bugu: in babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta yi tauri, ba ta ƙara shanye ƙarfin kowane bugun zuciya, sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda. Shi ya sa gaɓoɓin biyu kan lalace tare.

Sanin wannan cuta ya girmi na'urar hoto. A 1894 Otto Binswanger na Jena ta Jamus ya bayyana wasu majiyyata masu gigin tsufa da farin sashen ƙwaƙwalwarsu ya zaizaye. Da hoton CT da na MRI suka yawaita, sai aka ga ashe abin ya fi yadda ake zato yawa. A 1987 Vladimir Hachinski da abokan aikinsa a Kanada suka raɗa masa suna lukoarayosis daga Girkanci, wato sirancewar fari, da gangan don sunan ya tsaya ga abin da ido ya gani kada ya yanke hukunci kan sanadi. A shekarar ce kuma Franz Fazekas ya fitar da ma'aunin da har yau ake aiki da shi: 0 babu tabo, 1 ɗigo-ɗigo, 2 ya fara haɗewa, 3 ya haɗe ya zama fage. A 2013 ƙa'idojin STRIVE suka daidaita sunaye, suka sa tabon a gida ɗaya da ƙananan ramuka da ɗigon jini da raguwar girman ƙwaƙwalwa, duk a ƙarƙashin cutar ƙananan jijiyoyi.

Wani abin lura shi ne farin da ake gani a hoto ba abu ɗaya ba ne. Wani wurin ruwa ne ya taru, wani wurin mayelin ne ya zube, wani kuma zaren saƙon ne ya mutu. Na farko yana iya janyewa, kuma binciken Joanna Wardlaw a Edinbura ya nuna tabo yakan ragu a wasu majiyyata. Na ƙarshe ba ya dawowa.

4.0 Shaidar Bin Mutane Tsawon Shekaru

Binciken Rotadam ta Holan na 2001 ya ɗauki hoton mutum 1,077 masu shekara 60 zuwa 90, ya samu kashi 5 cikin 100 ne kawai ba su da tabo ko kaɗan. Wannan ya sa wasu likitocin hoto suka saba rubuta "daidai da shekaru" a rahoto. Amma yawan abu ba ya mai da shi marar lahani. Da Stéphanie Debette da Hugh Markus suka tattara bincike da dama a 2010, sun samu cewa mai tabo da yawa haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ninka kusan sau 3, na gigin tsufa da na mutuwa kuma kusan sau 2.

Abin da ya fi muhimmanci ga hujjar wannan maƙala shi ne lokacin da ɓarnar ke somawa. A binciken Framingham ta Amurka na 2012 an duba mutum 579 da matsakaicin shekarunsu 39, da wani salon MRI mai auna yadda ruwa ke bin zaruruwan saƙo. Tun a waɗannan shekaru, kafin wani tabo ya fito, masu lambar sama mai yawa sun nuna alamar zaruruwan sun fara sassautawa.

Birtaniya na da wani rukuni da babu kamarsa: mutanen da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1946, aka kuma ci gaba da auna su har tsufa. A 2019 aka wallafa sakamakon 465 daga cikinsu da aka yi wa hoto suna shekara 69 zuwa 71. Hawan jininsu a shekara 53, da yadda ya ƙaru tsakanin 43 da 53, su suka fi hasashen yawan tabon. An kuma auna amiloyid, furotin da ke taruwa a cutar Alzheimer, ba a ga alaƙarsa da hawan jinin ba, abin da ke nuna hanyar ɓarnar ta jijiya ce. Nazarin mutum 37,041 daga rumbun bayanan UK Biobank ya zo da irin wannan, ya ƙara da cewa ga wanda bai kai shekara 50 ba, lambar ƙasa na da nauyi sosai. Wannan abin tunawa ne ga ma'aikacin da ke kallon lambar sama kaɗai ya sallami ɗan shekara 42 mai 134 bisa 96.

Duk da haka, irin wannan bincike ba ya iya cewa magani zai hana. Mai hawan jini yakan kasance da ƙiba ko ciwon suga ko shan taba, kowannensu kuma na iya ɗaukar alhakin. Sai gwaji.

5.0 Shaidar Gwaje-gwajen Magani

5.1 Na farko-farko

Gwajin PROGRESS ya ɗauki mutum 6,105 da suka taɓa samun shanyewar jiki ko alamarta mai wucewa, aka ba rabi ferindofiril, wasu tare da indafamid, rabi kuma ƙwaya marar magani. Maimaituwar shanyewar ta ragu da kashi 28 cikin 100. A cikinsu an yi wa 192 hoto sau biyu da tazarar wata 36, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna girman sabon tabo ga masu shan magani ya kai kashi ɗaya cikin biyar ne na waɗanda ba su sha ba. Ribar ta fi yawa ga waɗanda suka shigo da tabo mai tsanani. Ɓangaren hoto na gwajin PRoFESS, mai mutum 771 da maganin telmisatan, bai ga bambanci ba, amma tazarar lambar sama tsakanin rukunansa kimanin 3 ce kawai. Gwajin da bai sauke jini ba, ba zai faɗi amfanin sauke jini ba.

5.2 SPRINT

Wannan ne gwajin da ya fi kowanne tasiri, don haka za a dakata a kansa. An yi shi a Amurka da mutum 9,361 masu shekara 50 zuwa sama, masu haɗarin ciwon zuciya, amma ban da masu ciwon suga da waɗanda suka taɓa shanyewa. Aka sa wa rukuni ɗaya burin lambar sama ƙasa da 120, ɗayan ƙasa da 140. Bayan shekara guda matsakaicinsu ya tsaya a 121 da 136. A 2015 aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, bayan shekara 3 da 'yan watanni, saboda manyan cututtukan zuciya da jijiya sun ragu da kashi 25 cikin 100 a rukunin farko, mutuwa kuma da kashi 27. Ta fuskar ɗa'ar bincike, tsayarwar daidai ce. Ta fuskar ilimin ƙwaƙwalwa kuwa, asara ce, domin gigin tsufa ba ya sauri.

Sakamakon tunani ya fito a mujallar JAMA a farkon 2019. Raunin tunani mai sauƙi, wanda ke gabatar gigin tsufa, ya ragu da kashi 19 cikin 100. Gigin tsufan kansa ya kama mutum 149 a rukunin 120, da 176 a rukunin 140, bambancin da bai kai matakin da ƙididdiga ke amincewa da shi ba.

Ɓangaren hoto ya biyo baya a shekarar. Mutum 670 aka yi wa hoton farko, 449 suka dawo na biyu bayan kimanin shekara 4. A rukunin 120 tabo ya tashi daga mililita 4.57 zuwa 5.49, ƙarin 0.92 ke nan. A rukunin 140 ya tashi daga 4.40 zuwa 5.85, ƙarin 1.45. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma duka gaskiya ne. Saurin yaɗuwa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Amma bambancin a zahiri rabin mililita ne, wato kashi ɗaya cikin goma na cokalin shayi, a cikin ƙwaƙwalwa mai mililita sama da 1,100. Kuma a rukunan biyu tabon ƙaruwa ya yi. Babu inda ya tsaya cik.

Akwai wani sakamako da masu yabon SPRINT ba su cika son tsayawa a kansa ba. Girman ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ya fi raguwa a rukunin 120: mililita 30.6 a kan 26.9. Gwajin ACCORD na masu ciwon suga ma ya ga irin haka. An kawo bayanin cewa mai yiwuwa ruwa ne ya ragu ba nama ba, ganin yawan maganin fitsari da rukunin ke sha, kuma tunanin mutanen rukunin bai fi na ɗayan lalacewa ba. Bayani ne mai ma'ana, amma a ganin mai wannan nazari bai kamata a share lambar ba don ta ƙi bin labarin da ake so.

5.3 INFINITY da tazarar hoto da aiki

INFINITY ya ɗauki dattawa 199 masu shekara 75 zuwa sama da suke da tabo tun farko. Ya bambanta da sauran domin da na'urar da ake ɗaura wa mutum awa 24 ya auna jini, burin rukuni ɗaya 130, ɗayan 145. Bayan shekara 3, tabo ya ƙaru da kashi 0.29 cikin 100 na cikin ƙoƙon kai a rukunin farko, da 0.48 a na biyu. Saurin tafiya kuwa, wanda shi ne abin da ya fi damun iyali, bai bambanta ba.

Nan ne ya kamata mai bincike ya yi taka-tsantsan. Tabo alama ce, majiyyaci kuma ba hotonsa yake so a gyara ba. Abin da ya kawo shi asibiti shi ne ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa, ya gane jikokinsa. Amma rashin ganin canji cikin shekara 3 ga ɗan shekara 80 ba ya rushe hujjar. Mutumin da jijiyoyinsa suka sha bugu tun yana 45 ya shigo gwajin da ɓarnar shekara 35 a kansa, aka sauke masa jini na shekara 3, aka auna. In aka yi la'akari da haka, abin mamaki shi ne da aka ga bambanci ko kaɗan.

5.4 Gigin tsufa kansa

Tun 1998 gwajin Syst-Eur ya ba da rahoton cewa nitirendifin ya rage gigin tsufa da rabi, sai dai waɗanda suka kamu kaɗan ne ƙwarai. HYVET, na 'yan shekara 80 zuwa sama, bai kai ga tabbaci ba. A 2022 Ruth Peters da abokan aikinta suka haɗa bayanan mutum 28,008 daga gwaje-gwaje biyar, suka samu raguwar kimanin kashi 13 cikin 100 idan an sauke jini da 10 bisa 4.

Amsa mafi ƙarfi ta zo ne daga inda ba a yi hoto ba. A ƙauyuka 326 na ƙasar Sin an ɗauki mutum 33,995 masu shekara 40 zuwa sama da hawan jininsu bai daidaita ba. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su fara magani su ƙara shi bisa tsari mai sauƙi har a kai ƙasa da 130 bisa 80, aka ba mutane magani kyauta ko da rangwame da na'urar awo ta gida. Bayan wata 48 tazarar rukunan ta kai 22 a lambar sama da 9 a ta ƙasa. Sakamakon da Nature Medicine ta buga a 2025 ya nuna gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100, illoli masu tsanani kuma ba su ƙaru ba.

6.0 Tsoron Saukewa Fiye da Kima

Tsohon tsoro ne, kuma yana da tushe. Ƙwaƙwalwa tana daidaita jinin da ke shigarta da kanta, tana tsuke jijiya in ƙarfi ya hau, ta buɗe in ya sauka. Binciken Svend Strandgaard a Denmak a shekarun 1970 ya nuna cewa ga mai daɗaɗɗen hawan jini, iyakar wannan daidaitawa tana matsawa sama. Daga nan aka ɗauka cewa jijiyar da ta ƙuntata tana buƙatar ƙarfi don jini ya kai ƙarshen magudana.

Gwaji bai goyi bayan wannan ba idan a hankali aka sauke. PRESERVE, da aka yi a Ingila kan masu tabo mai tsanani, bai ga raguwar jinin ƙwaƙwalwa ba ga waɗanda aka sauke wa sosai. Awon da aka yi a SPRINT, wanda ya fito a 2022, ya nuna ƙaruwa ma aka samu a rukunin 120. SPS3, mai mutum 3,020 da ƙaramar jijiya ta toshe musu, ya nuna burin ƙasa da 130 ya rage zubar jini a ƙwaƙwalwa da kusan kashi biyu cikin uku.

Wannan ba lasisi ba ne na faɗar da jinin wanda ya zo da 200 cikin awa guda, ko na wanda shanyewa ta same shi jiya. SPRINT ya ga ƙarin suma, faɗuwar jini, rikicewar gishirin jiki da raunin ƙoda na ɗan lokaci a rukunin 120. Kuma yadda ya auna jini, da na'ura mai sarrafa kanta bayan mutum ya zauna shiru minti 5, ba haka ake yi ba a layin asibiti inda aka sha rana aka hau bene. Lamba 120 ta SPRINT da 120 ta cunkoson ɗakin awo ba ɗaya ba ne. Ga dattijon da ke shan maganin fitsari a zafin watan Afrilu, ko yana azumi, auna shi a zaune da kuma a tsaye wajibi ne.

7.0 Ma'anar Shaidar ga Nijeriya

Muhawarar 120 ko 140 ta masu shan magani ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta masu hawan jini a duniya biliyan 1.3, huɗu cikin biyar ba sa samun isasshen magani. A Nijeriya, nazarin Davies Adeloye da abokan aikinsa na 2021 ya ƙiyasta cutar ta tashi daga kashi 8.6 cikin 100 na manya a 1995 zuwa 32.5 a 2020. A cikin masu ita kashi 29 ne suka san suna da ita, 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita kuma ba su kai 3 ba.

Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi ya jagoranta a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da suka shanye da takwarorinsu masu lafiya. Matsakaicin shekarunsu 59, kusan kashi ɗaya cikin uku zubar jini ne a ƙwaƙwalwa, kuma an ɗora wa hawan jini alhakin kimanin kashi 90 cikin 100. Jijiyar da ke fashewa ta zubar da jini ita ce dai irin wadda ke ƙuntata ta bar tabo. In shanyewa na zuwa da wuri haka, babu dalilin zaton ɓarnar da ba ta ihu tana jiran tsufa.

Game da zaɓin magani akwai shaida ta gida. Gwajin CREOLE, ƙarƙashin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, ya ɗauki mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna a 2019 cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi haɗin ferindofiril da haidirokulorotayazid sauke lambar sama da kimanin 3. CREOLE bai ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ba, amma abin da gwaje-gwajen sashe na 5 suka nuna shi ne girman saukewar ne ke tafiya da riba, don haka maganin da ya fi sauke jini, ya fi araha, ake sha sau ɗaya a rana, shi ne abin farawa. Tsarin ƙauyukan Sin kuma ba baƙo ba ne a nan, tunda shirin kula da hawan jini a cibiyoyin lafiya 60 na matakin farko a Babban Birnin Tarayya ya dogara ne da ma'aikatan lafiya na al'umma.

Kalmar "ya sauka" da dattijon gabatarwa ya faɗa ita ce babban cikas. An ɗauki hawan jini kamar zazzaɓi, a sha magani in kai na ciwo, a ajiye in ya lafa. Gishirin da ba a lissafawa ma yana nan: dunƙulen miya da kanwa duk suna ɗauke da sodiyam, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana.

8.0 Iyakokin Shaidar da Abin da Za a Iya Aunawa

Gwaje-gwajen hoton da aka bi duk ƙanana ne, mafi tsawonsu kimanin shekara 4, kuma a SPRINT kashi ɗaya cikin uku ba su dawo hoto na biyu ba, waɗanda suka fi rauni kuwa su ne suka fi saurin ɓacewa. Kimanin kashi 30 cikin 100 na mahalartansa baƙar fata ne, amma Amurkawa ne, cimarsu da hanyar samun maganinsu daban. Gwajin tunani da aka tsara don masu karatun boko yakan nuna rauni ga wanda karatun allo ya yi, ko da kansa garau yake, don haka sai an daidaita shi da Hausa da irin ilimin mai amsawa kafin a dogara da shi.

Akwai abin da asibitin koyarwa zai iya farawa ba tare da sabon kayan aiki ba. Duk hoton kai da aka ɗauka wa wanda ya haura shekara 40, ko da don ciwon kai ne, a rubuta matakin tabonsa daga 0 zuwa 3 a rahoto maimakon "daidai da shekaru", a haɗa da lambar jininsa ta ranar da shekarar da aka fara ce masa yana da cutar. A auna masa tafiyar mita 4 a baranda da agogon waya, a sake aunawa duk zuwan da ya yi karɓar magani.